Masu Gadin Ƙofar Rubutu: Tarihin Ƙugiyoyin Git Da Abin Da Ya Shafe Mu

 Yau za mu ɗan ajiye zancen jigo da salo, mu leƙa tarihin manhajojin da masu rubuta shirye-shiryen kwamfuta ke adana aikinsu da su. Kada jin sunan kwamfuta ya kori kowa. Matsalar da suka shafe fiye da shekara 50 suna kokawa da ita, ita ce dai tamu: rubutu ɗaya, hannaye da yawa, gyara a kan gyara, sannan wa zai duba kafin a ce an gama?

Kowa a cikinmu ya san irin wayar nan mai ɗauke da "labari", da "labari gyararre", da "labari na ƙarshe", da "na ƙarshe na gaske". Mun kuma san yadda akan tura wa aboki babi don ya duba, ya dawo da shi an sauya kalmomi, a rasa wanne ne na marubuci, wanne ne na mai gyara. Abin da muke so mu nuna a yau shi ne, rubutu yana bukatar masu gadi fiye da ɗaya, amma duk mai gadin da ba kai ka ɗauke shi aiki ba, ba ka kuma san abin da yake yi ba, zai iya zame maka ɓarawon gida.

KAFIN ZUWAN KWAMFUTA

Tsaron rubutu tsohon abu ne a ƙasar Hausa. Malaman da suka riƙa kwafar littattafai da hannu suna aiki ne da takardun da ba a ɗinke ba, a gafaka ake ajiye su. Saboda haka mai kwafi kan rubuta kalmar farko ta shafi na gaba a ƙasan shafin da ya gama, don in iska ta watsa takardu ko yaro ya hargitsa su, a iya mayar da kowace mazauninta. In an gama sai a yi muƙabala: wani yana karanta asalin littafi, wani yana bin kwafin da ido. Kalmar da aka tsallake sai a rubuta ta a gefen shafi, a sa mata alamar cewa ta inganta. A ƙarshen littafi kuma, sau da yawa mai kwafi kan rubuta sunansa. Wanda ya ziyarci Arewa House a Kaduna, ko ma'ajiyar rubuce-rubucen tarihin Arewa da ke Jami'ar Ahmadu Bello, zai ga waɗannan alamomi da idonsa. Masu gadi uku ke nan a kan littafi ɗaya: mai kula da jerin shafuka, da mai kula da kalmomi, da sunan wanda za a tuhuma in an sami kuskure.

Da boko ya zo, aikin ya koma ofis, kuma a nan kusa da mu, a Zariya. An kafa Hukumar Fassara a 1929, ta zauna a Zariya, daga baya ta zama Hukumar Talifi a ƙarƙashin Rupert East. Gasar da ta shirya a 1933 ita ta haifar da Ruwan Bagaja da Ganɗoki da Shaihu Umar da Idon Matambayi da Jiki Magayi. A Janairun 1939 Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fitowa, Abubakar Imam yana editan Hausa, sannan a 1945 aka kafa Kamfanin Gaskiya a Tukur-Tukur. A wancan tsari rubutu sai ya bi ta hannun edita, da mai jera haruffa, da mai duba kurakurai, kafin ya isa ga mai karatu. A 1955 kuma aka kafa Hukumar Harshen Hausa don daidaita ƙa'idojin rubutu.

Daga shekarun 1980, adabin kasuwar Kano ya buɗe wata sabuwar hanya: marubuci ya kai littafinsa maɗaba'a da kuɗinsa. Wannan ya fito da muryoyi masu yawa, musamman na mata, amma masu duba rubutu sun ragu, sai ƙungiyoyi irin su Raina Kama suka zama madogarar marubuta. Yau kuwa babi kan tashi daga babban yatsa ya isa WhatsApp ko Facebook ko Wattpad cikin minti ɗaya, babu ko ƙofa ɗaya a tsakani.

YADDA NA'URA TA KOYI ADANA TARIHIN GYARA

Masu shirye-shiryen kwamfuta su ma marubuta ne, sai dai mai karatunsu ba ya yafe kuskuren ko harafi ɗaya. A 1972, a ɗakin binciken Bell Labs da ke Amurka, Marc Rochkind ya ƙirƙiri SCCS, manhajar da ke adana kowane sauyi da aka yi wa fayil, tare da sunan wanda ya yi da lokacin da ya yi. A 1982 Walter Tichy na Jami'ar Purdue ya fito da RCS. Su biyun fayil ɗaiɗai suke kula da shi, kuma in wani ya ɗauki fayil don gyara sai a kulle shi, saura su jira.

A 1986 Dick Grune, malami a wata jami'a a Amsterdam, ya fitar da CVS, wadda ta bar mutane da yawa su yi aiki a lokaci guda, daga baya a haɗe gyare-gyarensu. Ita ma tana da wurin da mai kula da aiki zai jera ƙananan umarnin da za su tashi da kansu kafin a karɓi gyara, ko bayan an karɓa. Irin wannan wuri shi Turawa ke kira hook, wato ƙugiya: wani mataki ne a cikin aikin manhaja da aka bar maka domin ka rataya naka ɗan rubutaccen umarni. Aikinsa mai sauƙi ne. Idan umarnin ya duba ya dawo da sifili, ma'anarsa a wuce. Idan ya dawo da wata lamba daban, an rufe ƙofa, gyaran ba zai shiga ba.

Subversion, wadda kamfanin CollabNet ya fara a 2000 ta kuma kammala fitowa a 2004, ta ƙara wa wannan tsari hankali ta hanyoyi uku da ya kamata mu riƙe. Na farko, ƙugiyoyinta suna zaune ne a babbar kwamfutar da rumbun aikin yake, mai kula da rumbu ne kaɗai ke sa su. Na biyu, saboda tsaro, takan tayar da ƙugiya ba tare da miƙa mata saitunan wanda ya kira ta ba, don kada wani ya yaudare ta ta bayan gida. Na uku, ba ta yarda a koma a canza bayanin da aka riga aka rubuta a kan wani gyara, sai in mai rumbu ya sa wata ƙugiya ta musamman da ta ba da izini. Littafin jagorarta ma ya gargaɗi masu rumbu kada su bar ƙugiya ta canza abin da aka kawo mata. Nata shi ne ta karɓa, ko ta mayar da shi tare da faɗin dalili.

GIT: ƘOFA ƊAYA, MAI GADI ƊAYA

Tun 2002 masu aikin Linux suke amfani da wata manhajar kasuwanci mai suna BitKeeper, kyauta. A Afrilun 2005 saɓani ya shiga tsakani, kamfanin ya janye wannan kyauta. Linus Torvalds, ɗan ƙasar Finland da ya fara Linux, ya zauna ya rubuta Git cikin 'yan kwanaki, ranar 7 ga Afrilu ya yi ajiyar farko da ita. A watan Yuli ya miƙa ragamarta ga Junio Hamano, a Disamba aka fitar da siga ta 1.0. Zuwan GitHub a 2008 ya bazu da ita duniya, har Microsoft ta sayi GitHub ɗin a 2018 a kan dala biliyan 7.5.

Bambancin Git da na baya shi ne, duk wanda ya kwafo aiki yana samun rumbu cikakke a kwamfutarsa, da tarihinsa duka. A cikin kowane rumbu akwai ɓoyayyar jaka mai suna .git, wadda za mu iya kira ɗakin sirri, a cikinta kuma akwai jakar ƙugiyoyi. Akwai ƙugiyar da ke tashi kafin ka kulle gyara, da mai duba bayanin da ka rubuta a kansa, da mai tashi kafin ka tura aiki waje, da waɗanda ke jira a babbar kwamfutar da ke karɓa.

Git ta yanke hukunci biyu tun da wuri. Na farko, idan ka kwafo rumbun wani, ƙugiyoyinsa ba sa biyo ka. Dalili a fili yake: ƙugiya umarni ne da ke aiki da cikakken ikonka a kwamfutarka, za ta iya karanta fayil, ta goge, ta aika waje. Da a ce tana bin kwafi, da saukar da aikin baƙo ya zama daidai da ba shi mabuɗin ɗakinka. Na biyu, kowace ƙofa fayil ɗaya take ganewa, mai ɗauke da sunan ƙofar. Mai gadi ɗaya ke nan a kowace ƙofa.

Hukuncin farko ya kare mutane, na biyu kuwa ya takura su. Mutum yana son mai duba tsarin rubutu, da mai tabbatar ba a manta kalmar sirri a cikin fayil ba, da mai gwada ko shirin yana aiki, duk a ƙofa ɗaya. Wata manhajar kuma in ka girka ta sai ta nemi rubuta tata ƙugiya a daidai inda taka take. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, amma gurbin hannu ɗaya aka tanada.

NEMAN MASU GADI DA YAWA

Mercurial, wadda ita ma ta fito a Afrilun 2005 sakamakon rikicin BitKeeper, ta bi wata hanya. A fayil ɗin saitinta kana iya jera ƙugiyoyi da yawa a ƙofa ɗaya, kowace da laƙabinta. Tana kuma ƙin amfani da saitin rumbun da mallakin wani ne, sai ka sa shi cikin amintattunka.

Masu amfani da Git sai suka nemo wa kansu mafita. Wasu suka mai da ƙugiyar ɗaya ta zama sarkin dogarai: ba ta duba komai, sai dai ta kira sauran ɗaya bayan ɗaya. Daga wannan dabara aka samu manhajoji irin su pre-commit, da ta fito daga kamfanin Yelp a 2014, da Husky, da Lefthook. A tsarin pre-commit, ana rubuta jerin masu gadi a wani fayil da kowa ke gani, ana kuma ƙayyade sigar kowane, amma ba za su fara aiki ba sai mai kwamfuta ya girka su da hannunsa. A Yunin 2016, Git 2.9 ta kawo saitin da ke ba mutum damar nuna wata jaka daban da zai tara ƙugiyoyinsa. A 2019 masu gyaran Git suka kawo shawarwarin yadda ita kanta za ta ɗauki ƙugiyoyi da yawa, wasu ta hanyar jaka, wasu ta hanyar fayil ɗin saiti, a Afrilun 2022 kuma siga ta 2.36 ta zo da umarni na musamman na tayar da ƙugiya.

Abin da ya ja muhawarar tsawon shekaru shi ne wasu tambayoyi da duk wanda ya taɓa zama a kwamitin tace rubutu ya sani. Wa zai fara dubawa? In na farko ya ƙi, saura su ci gaba don a ga kurakuran duka a lokaci guda, ko a tsaya nan? In na biyu ya taɓa rubutun, aikin na farko bai rushe ba? Sannan uwa uba, wa ya naɗa su?

SAI BANGO YA TSAGE

Tun da Git ba ta barin ƙugiyar baƙo ta shigo ta ƙofa, masu mugun nufi sai suka koma neman tsaga a bango.

A Disamba 2014 aka bayyana ta farko mai girma, kuma masu aikin Mercurial ne suka gano ta. Kwamfutocin Windows da Mac, a yadda aka saba saita su, ba sa bambanta babban harafi da ƙarami a sunan fayil. Git tana hana kowa turo abu cikin .git, amma da ƙananan haruffa take duba sunan. Sai mugu ya sa wa jakarsa .Git da babban G. Git ta ga suna ne daban ta bar shi ya wuce, kwamfuta kuma ta ga suna ɗaya ne ta zuba kayan a ɗakin sirri. Harafi ɗaya tak. Mu da muka san tazarar da ke tsakanin baki da baƙi, ko kafa da ƙafa, ko bata da ɓata, ba sai an yi mana dogon bayani ba. An toshe wannan tsaga a siga ta 2.2.1.

A Mayun 2018 aka sami wata, ta hanyar tsarin nan na sa rumbu a cikin rumbu. An gano cewa za a iya ba ƙaramin rumbun wani suna mai ɗauke da alamar "koma baya", har ya dasa ƙugiya a inda Git za ta tayar da ita tun ana cikin kwafa. Siga ta 2.17.1 ta gyara.

Ta Afrilun 2022 ta fi kama da rayuwarmu. Git tana neman jakar .git ne daga inda kake, ta yi ta hawa sama har ta samu. A kwamfutar da mutane da yawa ke amfani da ita, wani zai iya ajiye tasa jakar a can sama, duk wanda ya zo bayansa Git ta ɗauki saitin wancan ta yi masa aiki da shi. Daga siga ta 2.35.2, Git ta daina aiki da rumbun da mallakin wani ne, sai ka rubuta da kanka cewa ka amince da shi. Duk wanda ya taɓa kai rubutunsa shagon buga takardu a Makarfi ko Ikara ko Kudan, inda kwamfuta ɗaya ke karɓar filashin mutum ashirin a wuni, ya san irin wannan haɗari ko da bai san sunansa ba.

A Mayun 2024 tsohuwar matsalar babban harafi da ƙarami ta dawo da sabuwar riga, ta haɗu da dabarar rumbu cikin rumbu, aka sake samun hanyar dasa ƙugiya lokacin kwafa. Siga ta 2.45.1 ta toshe ta, ta kuma ƙara wasu tsauraran matakai na ko-ta-kwana. Sai ga shi matakan sun hana manhajojin kirki irin su Git LFS yin aikinsu. Kafin watan ya ƙare aka fitar da 2.45.2, aka janye waɗanda suka wuce gona da iri, aka bar ainihin gyaran. Mai gadin da ya hana masu gida shiga, shi ma matsala ne.

ABIN DA ZA MU ƊAUKA

Git tana aiki da kowane irin rubutu, ba sai na kwamfuta ba, musamman in an ajiye shi a matsayin rubutu tsura maimakon fayil ɗin Word, kuma ana iya girka ta a wayar Android ta cikin manhajar Termux. A ce ƙungiyarmu za ta fitar da kundin gajerun labarai na mutum goma. Za mu iya rataya ƙugiya ɗaya da za ta nuna duk inda aka rubuta "dashi" ko "agida" a haɗe, wata ta jero kalmomin da kan rasa lanƙwasarsu, wata ta tsayar da duk babin da aka manta lambar wayar wani a ciki. Amma ko wanda ba zai taɓa buɗe Git ba, akwai abubuwa huɗu da wannan tarihi ke ba shi.

Na ɗaya, raba aikin dubawa. Mai duba labari daban, mai duba ƙa'idar rubutu daban, mai duba gaskiyar bayanai daban, kuma a jera su: babu amfanin gyara waƙafi a babin da za a sake rubutawa.

Na biyu, mai dubawa ya nuna, kada ya canza a ɓoye. Na'ura ba ta san ko baki kake nufi ko baƙi ba, sau da yawa mai gyara ma bai san dalilin da ya sa ka bar karin harshen Zazzau a bakin tauraronka ba. Ya sa alama, ya faɗi dalili, ya dawo maka da abinka, kamar yadda masu muƙabala ke rubuta gyara a gefen shafi, asalin yana nan kowa na gani.

Na uku, a san ƙofar ƙarshe. A Git, mutum na iya tsallake ƙugiyar kwamfutarsa da ɗan gajeren umarni, shi ya sa masu lura ke sa babban bincike a kwamfutar da ke karɓar aikin kowa. Haka marubuci na iya watsi da shawarar abokinsa, amma abin da zai fita da sunan ƙungiya ya zama yana da ƙofa ɗaya da babu mai tsallake ta, shugaba ne ko sabon shiga.

Na huɗu, kuma mafi nauyi, kada ka ba wanda ba ka sani ba mabuɗi. Manhajar allon rubutu da aka turo a zaure aka ce tana da ƙ da ɗ da ɓ, tana iya ganin duk abin da ka danna, har lambar sirrin bankinka. Wanda ya ce ka ba shi kalmar sirrin shafinka don ya riƙa ɗora maka babi, iko ka ba shi a kan shekarun wahalarka. Ka sauke manhaja daga inda aka sani, ka riƙa sabunta ta tun da kowace tsaga da muka lissafa sabuntawa ce ta toshe ta, ka kuma ajiye kwafin littafinka mai kwanan wata a wuri biyu kafin ka miƙa wa kowa.

Mu nan ƙasar Makarfi mun san cewa mazarƙwaila ba ta zuwa kasuwa sai rake ya bi ta hannun mai sara, da mai matsa, da mai dafawa, da mai zubawa, kuma mai gona ya san kowannensu da sunansa. Littafi bai kamata ya gaza haka ba. Aikin wannan mako: kowa ya rubuta sunayen mutanen da rubutunsa ke bi ta hannunsu kafin ya fita, da abin da kowanne ke dubawa, da manhajojin da ke iya taɓa shi. In jerin bai kai mutum biyu ba, a nemi ƙari a cikin 'yan'uwa. In kuwa akwai wanda ba ka san yadda aka yi ya shiga ba, a fara da shi.